Allurar Baba da Ɓerayen Kawu

Zuwa ga ƙanena Mai Ɓeraye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, har da ɓerayen da ka bar dangi ka je ka tare a wurinsu. Mu nan da sauƙi. Gwiwa ce dai take min tsiya idan na daɗe a kan keken ɗinki, ido kuma ya fara gardama, sai da tabarau nake ganin zare.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, don rabon da mu haɗu tun kana ɗan saurayi mai dogon wuya. To kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, wannan ya ishe ni in ɗora maka kayana. Ta waya ba zan iya wannan maganar ba, muryata ba ta kai ni ƙarshenta.

Na ga saƙon ta'aziyyarka na baban yara, na gode. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda abin ya faru. Da mura ya fara, yana ta aikinsa a shagon katako yana cewa ƙurar zarto ce. Daga nan numfashi ya fara gagararsa. Aka kwantar da shi a asibitin da 'yata, wato 'yarka, take aikin jinya, a ɗakin da take ma, aka sa masa iska ta hanci. Da abin ya tsananta likita ya ce a yi masa wata allura mai kwantar da garkuwar jiki. Ma'aikata sun yi ƙaranci ranar, sai ita ta zuƙo maganin ta yi masa da hannunta. Bai tashi ba. Wai kuma gwajin ƙarshe ya nuna ƙwayar cutar ta kusa ƙarewa a jikinsa.

Ana zaune ana karɓar gaisuwa wan mijina ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, "Mutum yana faɗa da ciwo sai a kashe masa garkuwa? Wa ya taɓa jin haka?" Bai kama suna ba, amma kowa ya san inda ya dosa.

Tun ranar yarinyar nan ba ta koma aiki ba. Ba ta kuka, ba ta hira, abinci sai na tsaya a kanta. Na ce, "Ke fa kin yi karatun nan, kin san likita bai yi kuskure ba." Ta ce, "Mama, na san abin da littafi ya ce. Amma da safe yana min magana, na yi masa allura, washegari bai ƙara magana ba." Hutun da asibiti suka ba ta ya kusa ƙarewa, kuma ta ce ita da sirinji har abada.

An ce min wannan ne aikinka, ciwon huhu da garkuwar jiki. Ka faɗa min gaskiya, allurar ce ta kashe shi? Idan ita ce zan haɗiye ni kaɗai. Miji ya tafi, ba na so 'ya ta bi shi tana zaune a gabana.

Yayarka mai ɗinki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓin haƙori ya warke. Ɓeraye suna amsa gaisuwa. Allah ya jiƙan maigidan, ya ba ku haƙuri. Gwiwar nan kuma a rage zama, kin ji.

Yaya, ni ba likita ba ne, ban ga majinyacin ba. Abin da zan iya shi ne in gaya miki abin da idona yake gani a ɗakin aikina.

Ɗaki ne marar taga, sai ƙarar injin tace iska. Kafin in shiga sai na sa riga a kan riga, safar hannu biyu, da takunkumi. Ɓerayen suna cikin akwatunan roba a jere a kan kanta, fari fat, tsaf da su, ba irin masu cin buhun yadinki ba. Mukan sa su barci da magani, mu ɗiga musu ɗigon ƙwayar mura a hanci, sannan kullum da safe in ɗora kowanne a sikeli. Ɓera ba ya cewa ga inda yake min ciwo. Gashinsa ne zai tashi, ya takure a lungu, nauyinsa ya ragu.

Ga abin da ya riƙe ni a wannan aikin shekara da shekaru. Huhu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, dubunsu ba su cika kan tsinke ba. Idan cuta ta kutsa cikin guda ɗaya, wannan ɗin ta riga ta halaka, babu mai cetonta. Amma kafin ta mutu sai ta saki wani sinadari, irin furotin, muna ce masa intaferon. Shi ne ihunta. Maƙwabtanta suna jin sa sai su kulle ƙofofinsu, su kuma aika wasu saƙonnin cikin jini a kira mayaƙan jiki. Yaya, abin da ba shi da ido, ba shi da baki, yana mutuwa yana gargaɗin na kusa da shi! Mukan shafa wani rini da yake sa wurin ya yi haske kore a madubin ƙara girma. Ranar da na fara ganin hasken nan yana bazuwa daga ƙwaya ɗaya zuwa na kewaye da ita, wallahi sai na zabura. Na ture kujera baya na ce Allahu Akbar da ƙarfi, har abokiyar aikina ta leƙo ta ɗauka wani abu na fasa.

Muna da wasu ɓeraye da aka haife su ba sa jin wannan kiran. Su ana ihu a huhunsu babu mai amsawa. Na sa musu cutar tare da masu lafiya. Masu lafiyar suka rame suka murmure. Waɗanda aka toshe wa kiran kuwa cuta ta cika musu huhu, kusan duka suka mutu.

Wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi kusa da tambayarki, yanzu muke cikinsa, kuma ba zan iya cewa komai a kansa ba. Ƙa'idar aikinmu ce: abokiyar aikina ita take haɗa allurai, wasu magani wasu ruwan gishiri, kwalaben iri ɗaya. Ni da nake aunawa ba a yarda in san wanne ɓera ya sha wanne ba sai an gama, don kada idona ya ga abin da zuciyata take so. A yanzu kuwa zuciyata tana son wani abu ƙwarai, saboda ku. Ki ba ni lokaci in gani.

Ki gaida 'yata.

Ƙanenki.

*

Kai Mai Ɓeraye,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Lafiyarmu ƙalau idan ka cire wadda ka kwantar.

Wasiƙarka ta iso ranar da tabarauna yake wurin mai gyara. Rubutunka kuma kamar tururuwa ta faɗa tawada. Na ga ka fara da gaisuwa da barkwanci, na ce to labari mai daɗi ne, na miƙa wa 'yarka ta karanta min. Tana ta karantawa, har na ga fuskarta ta ɗan saki a wurin hasken nan kore. Ni ma na ce ikon Allah, ashe duk wannan hidimar ake yi a ƙirjina ina zaune ina yanka hannun riga. Sai ta iso inda ka ce waɗanda aka toshe wa kiran kusan duka sun mutu. Ta tsaya. Ta sake karanta layin a hankali. Ta ninke takardar ta ajiye min a kan keke ta ce, "Kin ji, Mama. Ni na toshe masa." Na ce ki ƙarasa mana, akwai saura. Ta ce ta ji abin da za ta ji.

Da tabarau ya dawo na karanta sauran da kaina. Rabin labari! Haba ɗan uwa. Ni idan mace ta kawo min ɗinki ba na ba ta riga mai hannu ɗaya in ce ta fara sawa kafin in gama ɗayan. Ka san wa zai ji maganar nan, me ya sa ba ka riƙe bakinka ba har ka gama?

Yanzu ta kwashe fararen kayan aikinta da takalman ta zuba a leda ta ce in bai wa duk mai so. Shugabar masu jinya ta zo har gida, yarinyar ta ƙi fitowa, ni na zauna ina ba matar haƙuri ina jin kunya. Matar ta ce za su ɗan ƙara jira, amma ba za su bar gurbin a buɗe har abada ba.

Ka je ka kama abokiyar aikin nan taka ka ce ta faɗa maka wace kwalba ce wace. Rai ne a nan, ba ɓera ba.

Yayarka.

*

Ƙanena,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Mai kawo wasiƙu har ya gaji da ni, da ya hango ni a ƙofar shago sai ya girgiza kai tun daga nesa. Idan faɗan da na yi maka ne ya sa ka yi fushi, ka yi haƙuri, bakina ne haka tun muna yara. Idan kuma sakamakon ne ya fito da muni kake jin nauyin faɗa, ka faɗa. Shirun nan naka 'yarka ta riga ta fassara shi. Jiya ta ce min, "Kawu mutumin kirki ne, shi ya sa bai amsa ba."

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya, da 'yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma ban yi fushi ba. Wasiƙunki biyu tare suka iso hannuna, sun kwanta a akwatin tsohon ofishinmu da muka tashi daga ciki. Da na karanta su na ɗauki alƙalami nan take. Kin yi gaskiya a kan riga mai hannu ɗaya, ku yafe ni. Ban tambayi abokiyar aikina ba kuwa, ko da wasiƙar ta zo da wuri ba zan tambaya ba, don amsar da aka leƙa ba za ta riƙe kowa ba. Yanzu an gama, ta faɗa. Yaya, ki ba ta wannan ta karanta da kanta, har ƙarshe.

'Yata, ɓerayen da na ba da labarinsu tun ranar farko ba sa jin kira, tun cuta ba ta zauna ba. Babanki ba haka yake ba. Shi jikinsa ya ji kiran, ya amsa, shi ya sa gwaji ya nuna ƙwayar ta kusa ƙarewa. Tambayar ita ce me yake faruwa bayan nan.

A wannan karon masu lafiya muka sa wa cuta mai ƙarfi, muka bar su har numfashinsu ya fara nauyi. Sannan aka yi wa rabi allurar da take rage kiran, rabi ruwan gishiri. Waɗanda suka sha ruwan gishiri mafi yawansu ba su kai ba. Na yanka huhunsu siriri na sa a madubi ina neman cutar. 'Yata, da ƙyar na same ta! Ɗan burbushi nan da can. Jiki ya riga ya ci yaƙin. Amma saƙonnin ba su daina fita ba, kowane mayaƙi ya iso sai ya kira wasu. Lafiyayyen huhu a madubi kamar leshi yake, Yaya za ta gane, zare siriri da ramuka inda iska take shiga. Nasu babu rami ko ɗaya. Duk mayaƙan jiki ne da ruwa suka cika wurin maƙil. Kamar gobarar da aka kashe amma maƙwabta suka ci gaba da kwarara ruwa har bango ya faɗi.

Na sha karanta wannan a littafi, amma gani daban ne. Abin da ya cece su a farko shi ya halaka su a ƙarshe, furotin ɗaya, saƙo ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta. Na ji tsoron Allah ya kama ni, na ga ƙanƙantar abin da muka sani. A cikin huhun da bai kai girman ɗan yatsana ba ake wannan lissafin, kuma a yawancin halittu yana fita daidai kullum ba tare da sun sani ba.

Waɗanda aka yi wa allurar kuwa, da yawansu sun tashi. Na ga wanda na fid da rai da shi ya miƙe yana wanke fuska da hannuwansa. Amma ba duka ba. Wasu sun sha maganin a kan lokaci, daga kwalba ɗaya, da hannu ɗaya, suka mutu duk da haka. Na duba nasu huhun su ma. Ɓarnar ta riga ta yi nisa kafin allurar ta iso, ko da yake daga waje ba a gani. Ɗayansu ma da safen ranar yana cin abincinsa.

Ɓera ba mutum ba ne, maganinmu ba irin naku ba ne sak, kuma ban ga huhun babanki ba. Ba zan ce miki na san abin da ya faru a ƙirjinsa ba. Amma ke kin san abin da ni ban sani ba: yaushe aka yi allurar? Ranar da ya fara atishawa, ko bayan an sa masa iska? Idan bayan ne, to a iya abin da na gani, ba ki kashe masa garkuwa ba. Kin yi ƙoƙarin riƙe hannun masu kwarara ruwa ne.

Kawunki, kuma ƙanenki Yaya.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da ƙannena. Mama tana lafiya, ta ce in gaya maka rubutunka bai gyaru ba amma ta yafe.

Na karanta har ƙarshe. Amsar tambayarka, bayan an sa masa iska ne, ya kwana biyu a kanta ma. Na san wannan tun farko, Kawu, ni na rubuta a katinsa. Da a ce ka turo min cewa duk waɗanda aka yi wa allurar sun tashi, da na ce to me ya sa nawa bai tashi ba, lallai hannuna ne. Waɗanda suka mutu duk da maganin su na tsaya a kansu. Musamman wanda yake cin abincinsa da safe. Na karanta wurin nan na ajiye takardar, na fashe da kukan da ban yi ba tun ranar. Mama ta bar keke ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, da gwiwar nan tata, ka san kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Duk watannin nan ina ganin Baba a matsayin wanda aka kwance wa ɗamara aka bar shi. Ashe jikinsa faɗa yake yi har ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Haka yake ko a shago, sai ya goge katako ya yi sumul ya ci gaba da gogewa, sai an zo an janye shi. Tun da na karanta wasiƙarka nakan ɗora hannu a ƙirjina in ja numfashi in saurara. Na auna numfashin mutane ba adadi ina kallon agogo, ban taɓa jin mamakinsa ba sai yanzu.

Baffa, wan Baba, ya zo gaishe da Mama, ta so ta karanta masa wasiƙar da ƙarfi, na hana ta. Ƙanensa ya rasa, shi ma neman inda zai ajiye abin yake.

Ban ce na warke ba. Na dai koma aiki, gurbin yana nan. Na roƙi shugabarmu ta sa ni a ɗakin yara tukuna, ta yarda. Ranar farko aka kawo wata 'yar ƙarama da za a yi wa allura, na tsaya riƙe da sirinjin har uwar ta lura. Na ce ta ba ni minti ɗaya. Na juya na ja numfashi, na dawo na yi mata, ta tsala ihu, uwar ta yi dariya ta ce hannuna da sauƙi.

Ɗakin da Baba ya kwanta yana kan hanyar ɗakin yara. Har yanzu ban iya wucewa ta ƙofarsa ba, sai in zagaya ta bayan ɗakin magani. Hanyar ta fi tsawo, amma ina isa a kan lokaci.

'Yarka.